Shekarar da Riɗi Ya Bar Gidanmu

Sidi da Bashir, na san abin da kuke faɗa idan kun zauna a ƙofar gida bayan la'asar, domin katangarmu ba ta da kauri, kunnena kuma bai tsufa kamar gwiwata ba. Kuna cewa ƙanwarku Amna ce ta rufe assarar babanku, wurin matsar man riɗinsa, sannan ta kwashi ɗanta ta tafi ta bar mu da kango. Matanku kuwa nasu labarin daban ne, wai tsohon ne da taurin kansa ya ɗura wa yaro abin da aka hana shi don ya gwada. Duka biyun babu gaskiya a ciki. Ku a ranar kuna can Fashaga wajen yankan riɗi, babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, saboda haka ni kaɗai na rage a gidan nan da na ga abin da idona. Ku yi haƙuri da tsohuwa, wannan babin zai fi na baya tsawo.

Na riga na ba ku labarin yadda kakan babanku ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya yada zango a Gadarif ta ƙasar Sudan don ya huta damina ɗaya, har ya manta da tashi. Abin da ya bar mana gado shi ne assara. Saboda jikokin da za su karanta wannan ba su gan ta ba, bari in faɗa: ƙaton turmin itace ne a bayan gida, da raƙumi a rufe da ido yana zagaya shi daga safe zuwa azahar, yana jan taɓarya tana murje riɗi har mai ya taso. A cikin ƙarar turmin nan na shigo gidan nan amarya, a cikinta na haife ku duka. Man riɗi kuwa a wurinmu bai tsaya ga tukunya ba. Da shi muke cin ful, dafaffen waken nan, da safe, da shi muke kitso, da shi muke shafe jariri bayan wanka. Mai zazzaɓi a murza shi da mai da gishiri, matafiyi ya dawo a gajiye a shafe masa ƙafa. Ni kaina ban taɓa kwana ban shafa ba tun ina budurwa. Ya shiga igiyar gadajenmu, ya shiga tufafinmu, ya shiga bunun ɗaki. Mu ba ma jin ƙamshin, sai baƙo ya shigo ya ce lallai nan gidan masu mai ne.

Amna ce autata, kuma ita ce ta yi nisa, ta yi karatu ta yi aure a Hartum, mijinta yana aiki a Jidda. Da ta haifi Mazin ta kawo mana shi sau ɗaya yana goye. Daga nan sai zuwa ya yanke. Sallah ta zo, uzuri. Hutun makaranta ya zo, uzuri. A waya ta ce mana wai yaron yana da hassasiya, ciwon da jiki ke ƙin wani abinci, nasa kuma riɗi ne. Wai an ɗanɗana masa alawar riɗi bayan yaye, bakinsa ya kumbura, da ƙyar aka ceto shi. Na faɗa wa babanku, ya yi dariya har da tari.

"Jikan mai assara ne riɗi zai kashe? Ki ce da ita ta nemo wata ƙaryar. Hartum ce dai ta yi mata daɗi."

Ni ban yi dariya ba, amma ban gaskata ba. Na ɗauka girman kan 'yan birni ne, na yi fushina, na haɗiye. Shekaru suka wuce ina ganin yaron a fuskar waya kawai, yana fidda haƙori yana sake wasu, ni ko ɗumin jikinsa ban sani ba.

Sai shekarar da yaƙi ya fashe a Hartum. Ba sai na tuna muku yadda garin nan ya cika ba, makarantu suka zama gidajen kwana, kowane gida mai ɗaki biyu ya ɗauki iyali uku. Bayan ƙaramar Sallah, da rana tsaka, na ji sallama a zaure. Amna ce, ta rame ta yi baƙi, da jaka ɗaya a kafaɗa, da yaro siriri mai manyan idanu yana riƙe da gefen mayafinta. Ban san lokacin da na watsar da tsintsiya ba. Na zarce wurin yaron, na durƙusa, na rungume shi, na danna fuskarsa a wuyana ina kuka.

"Yumma, a'a! Sake shi, Yumma!"

Ta fizge shi daga hannuna kamar na ɗauko shi zan jefa a wuta. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi mata tas. Sai na dubi yaron. Gefen fuskarsa da ya taɓa wuyana ya yi ja, borin jini ya taso masa ruɗu-ruɗu daga kunci har fatar ido. Uwar ta wanke shi da sabulu, ta ba shi maganin ruwa daga jakarta. Gani ya kori ji. Da abin ya lafa, ya tsaya can nesa a bakin ƙofar ɗaki, ya dube ni da ladabi, ya yi tambaya da Hausarsa mai gargada, rabinta Larabci.

"Habboba, ke ma kina da simsim a ciki?"

Habboba ita ce kaka, Jiddo kaka namiji, Yumma uwa, Yaba uba, simsim kuma riɗi, ga waɗanda za su karanta a wata ƙasa. Kowa ya yi dariya a tsakar gidan, har Amna da hawayenta. Ni ma na yi, na ce masa ƙwarai kuwa, kakarsa riɗi ce tun daga gashi har farce. Amma da na shiga madafa na zauna a kan turmi, sai da na yi kuka na ƙoshi.

Muka ware musu ɗakin da ya fi nisa da assara. Amna ta cire igiyar gado ta sa aka saƙa sabuwa, ta sayi tukunyarta da cokalinta da kwanonta, ta kafa murhu daban. Mai kuwa sai na kanti, man gyada na kamfani a gorar roba mai takarda ruwan ɗorawa. Komai za ta saya wa yaron sai mai rubutu a jiki, ta juya bayan ledar, ta bi ƙananan layukan nan da yatsa. A kasuwarmu kuwa kun sani, komai a buɗe ake auna shi, injin da ya niƙa gyada shi ya niƙa riɗi, ludayin da ya ɗebi wannan mai shi zai ɗebi wancan. Yaro ya zo garin da ko iska riɗi take ɗauke da shi, ya zama ba ya cin komai sai abin da takarda ta yarje masa.

Shi ma ya ƙware a karatun. Tun bai iya rubuta sunansa ba uwar ta koya masa gane kalmar riɗi da Larabci da Turanci, da layin nan na ƙasa da ke gargaɗi cewa mai yiwuwa akwai ɓurɓushinsa a ciki. Idan maƙwabciya ta miƙo masa alawa, ba ya ƙi kai-tsaye, sai ya karɓa da hannu biyu ya juya bayan ledar. In babu rubutu ya mayar, ya ce ma'alesh, a yi haƙuri. Matan unguwa suka sa masa suna Mufattish, wato mai binciken kasuwa. Wasu sun ji haushi, don a wurinmu yaro ba ya mayar da kyautar babba. Ni ce na bi su gida-gida ina cewa abincin wani gubar wani, su yi masa uzuri.

Ni da shi kuwa aurenmu na nesa muka yi. Kun san wasan jika da kaka. Ina zaune a inuwar rumfa, shi yana kan dakalin ɗakinsu, tsakar gida a tsakaninmu.

"Maigida, yau ma babu cefane? Wane irin miji ne wannan, ko hannun matarsa ba ya kamawa?"

"Sai kin daina simsim, Habboba. In kin daina zan saya miki tob."

"Tob ɗaya? Mayafi ɗaya tak? To ka riƙe abinka, akwai masu sona a Basunda."

Yana dariya sai ya rufe baki da hannu saboda giɓinsa. Wata rana ya ɗauko ledar biskit ya ajiye a tsakiyar fili, ya koma, ya ce in je in ɗauka. Daga inda yake ya koya mini inda ake dubawa. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, na ɗauko tabarau, ina haɗa baƙi yana gyara mini kamar malamin allo. Ranar da na gano kalmar da kaina ya tafa mini, ya ce kwayyis, da kyau, na ci jarrabawa.

A makon nan na daina shafa mai. Ban yi shawara da kowa ba. Na kwance kitsona na wanke kai har fatar ta yi zafi, na dafa tufafina da sabulu, na bar cin ful ɗin gida na koma cin na tukunyar Amna. Jikin da ya saba da mai tun ƙuruciya ya yi bore: ƙafa ta yi kaushi, hannu ya yi fari fat, dare ya yi in kasa barci don ƙaiƙayi. Amna ta kawo mini man kanti mai ƙamshin furanni, na shafa na ji kamar ruwa na zuba a ƙasa. Bayan wata guda na je na miƙa mata hannuna.

"Sansana ki ji. Yanzu fa?"

Ta sansana, ta sunkuyar da kai.

"Yumma, ke kin daina, amma gidan bai daina ba. Kina wanke kayan Yaba, kina taɓa ƙofar da ya taɓa, gadonku ɗaya. Allurar gaggawa guda ɗaya tak ta rage mini, kuma na zagaye garin nan babu irinta. Ki ƙara haƙuri."

Ta nuna mini allurar, wata aba mai kama da alƙalami da mijinta ya aiko tun kafin yaƙi, wadda ake caka wa yaro a cinya idan numfashinsa ya sarƙe. Na ce to. Na koma inuwar rumfata na ci gaba da auren nesa.

Yanzu sai babanku. Ku da kuka san shi kun san ba mutum ne mai cewa na yi kuskure ba, amma tun ranar da ya ga fuskar yaron bai sake dariyar nan ba. Ya daina shigowa ta tsakar gida da kayan aiki, sai ya zaga ta zaure. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne, a ce 'yarsa tana sayen mai a kanti alhali turmin kakansa na juyawa a bayan ɗaki. Idan ya hango gorar nan mai takarda sai ya kau da kai. Amma yana son yaron, son da ban ga ya yi wa ɗayanku ba. Mazin ya haukace a kan raƙumi, an kuwa hana shi zuwa kusa. Sai babanku ya jingina tsohon gado a jikin katanga don yaron ya hau ya leƙa daga nesa. Can sai in ji su suna hira ta saman katanga.

"Jiddo, me ya sa ka rufe masa ido?"

"Don kada ya gane wuri ɗaya yake zagayawa. Shi a zatonsa Makka za shi."

"Ba zai isa ba ke nan?"

"Mu ma da muke da ido ai nan muka tsaya."

Akwai wata al'ada ta babanku da ya gada, kuma duk kun tashi kun gan ta. A gidan mai assara ba a barin gora wayam. Kowace Alhamis da sassafe, kafin ya ɗaura raƙumi, sai ya bi gida lungu-lungu ya tattara duk wata kwalba ko gora da ta ƙare, ya cika su da sabon mai, ya jera a kan katakon rumfa. Wasu na gida, wasu sadaka ga maƙwabta da masu ƙaramin ƙarfi, a shekarar nan kuwa yawanci makarantar da 'yan gudun hijira ke kwana ake kai su. A Gadarif ai mazubi ba ya mutuwa. Gwangwanin madara sukari ne a ciki, na shayi gishiri, kwalbar lemo kananzir. Mu nan babu mai duba rubutun jikin gwangwani, buɗewa muke mu sansana. Babanku kuwa ido ya riga ya yi rauni, gora a wurinsa gora ce.

Lokacin kaka ne, riɗi ya fara shigowa gari buhu-buhu. Man Amna ya ƙare ranar Laraba, ta sayo sabo ta sa a akwatinta, tsohuwar gorar ta ajiye a gindin randa da niyyar jefarwa, aikin gida ya sha kanta ta manta. Da safe ta dafa wa yaron ful ɗinsa, ta zuba masa a kwano da albasa, ta ce ya jira ta, ta zaga bayan ɗaki shanya wanki. Ni ina madafa ina tuƙa. Yaro da yunwa, ya ɗaga kai ya hango gorarsa a kan katako, cike taf, da takardarta ruwan ɗorawa. Ina so ku ji wannan da kyau, domin daga baya shi da bakinsa ya faɗa wa uwarsa yana kuka: bai yi ganganci ba. Ya ɗauko ta, ya juya bayanta, ya karanta tun daga sama har ƙasa yadda aka koya masa. Man gyada zalla. Ya zuba, ya ci.

Tari na fara ji, irin wanda ban taɓa ji a bakin yaro ba. Na fito na same shi a tsaye, ya riƙe wuya, leɓɓansa sun kumbura, numfashinsa yana fita da wata 'yar ƙara. Ya dube ni. Na yi taku biyu, sai na tuna a safiyar na ninke rigar aikin babanku. Jikana yana shaƙewa a gabana, ni kuwa na mayar da hannuwana baya na damƙe su, ina ƙwala wa uwarsa kira. Duk abin da na gani a rayuwata, har da rasuwar 'ya'ya biyu a goye, babu wanda yake dawo mini kamar wannan tsayuwar. Amna ta zo a guje da kumfa a hannu, ta zaro allurar ta caka masa a cinya ta cikin wando. Babanku ya ji ihu ya tsallako katanga, tsoho da shi, mai har gwiwar hannu, ya sunkuya zai suri yaron.

"Kada ka taɓa shi, Yaba! Don Allah ja baya!"

Ya tsaya cak da hannuwa a buɗe. Maƙwabcinmu mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, shi ya ɗauke su zuwa asibiti. Aka bar mu mu biyu a tsakar gida da kwanon ful a kife. Babanku ya ɗauki gorar, ya buɗe, ya sansana. Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa.

"Me aka rubuta a nan, Hajja?"

"Man gyada."

"Ni na cika ta," ya ce. "Da hannuna, da bismilla."

Allah ya yi yaron yana da sauran kwana. Ya kwana biyu a asibiti aka sallamo shi. Kafin su dawo babanku ya gama abin da zai yi, kuma ina rantsuwa da wanda raina ke hannunsa, Amna ba ta roƙe shi ba, ba ta ma sani ba. A yinin nan ya kwance raƙumin, ya cire masa ƙyallen ido. Dabbar ta tsaya tana ƙifce-ƙifce, sannan ta ci gaba da zagaya turmin ita kaɗai babu igiya, sai da ya riƙe ta. Washegari ya kai shi kasuwa da ƙafarsa, ya sayar wa wani mutumin Basunda. Riɗin da ya saya na shekara ya mayar wa dillalai. Ya ƙone tsummokaran aiki da rigunansa, ya sa aka kankare ƙasar wajen aka zuba sabon yashi, turmin kuwa da ya gagari ɗauka ya kife masa tsohon daro ya ɗora dutse. Na ce masa ya dakata ku dawo daga gona a yi shawara.

"Shawarar me? Turmi ne ko yaro. Kakana in yana raye ba zai tsaya lissafi ba."

Da Amna ta shigo ta ji gidan shiru babu ƙarar turmi, ta leƙa bayan katanga, ta dawo ta faɗi a gaban babanta tana kuka, tana cewa me ya sa, me ya sa. Ya ce mata halas, an gama, yanzu gidan na Mazin ne, su zauna har yaƙi ya ƙare har bayan ya ƙare. Ni kuwa a raina, Allah ya gani, murna nake. Na yi wa turmin kuka, amma ina lissafin ranar da ƙamshin zai bar gidan in ɗauki jikana a cinya. Muka wanke ƙofofi, muka sake igiyar duk gadaje, muka yi sabon yaɓe.

Sai dai yaron da ya dawo daga asibiti ba shi ne ya tafi ba. Ya daina yarda da takarda. A ba shi biskit a rufe, ya karanta, ya ajiye, ya ce wa ya sani ko an buɗe an sake. Cin abinci ya zama yaƙi, ya ƙara ramewa. Ga allura ta ƙare, an aika Kassala an aika Bor Sudan babu. Kowane maƙwabci da man riɗi yake girki, kowace tsohuwa da ta gan shi hannu take miƙawa ta shafa kansa. Amna ta daina barci. Wata safiya muna tsince shinkafa ta faɗa mini ba tare da ta ɗago ba.

"Yumma, baban Mazin ya samo mana takardun shiga Jidda. Za mu bi ta Bor Sudan."

"Bayan abin da babanki ya yi?"

"Shi ne abin da ke kashe ni. Ya wanke gida, Yumma, amma wa zai wanke gari? In abin ya sake faruwa, da me zan tare shi?"

Na so in yi mata gori, kalmomin har sun zo bakina. Sai na tuna da ƙarar numfashin nan. Ni na je na faɗa wa babanku, don ita ta kasa. Yana zaune a kan buzunsa, ya ja carbi ya kai ƙarshe kafin ya amsa. Ya ce ta yi daidai, Allah ya kiyaye hanya, kuma ko ba komai wani daga zuriyar tsoho zai ƙarasa tafiyar da aka fara. Bai ce a dawo da raƙumi ba, a ranar ko bayanta.

Ranar tafiya, sanyi ya fara, mota na jira a bakin titi. Na yi wanka da sabon sabulu, na ɗaura tob ɗin da ban taɓa sawa ba, na tsaya a zaure da hannuwana a gefe kamar yadda na saba. Amna ta zo ta kama hannuna, ta juya shi, ta ga yadda ya tsattsage. Ta sansana wuyana da gashina, ta daɗe. Sannan ta juya ga ɗanta ta gyaɗa masa kai. Ya tako a hankali ya tsaya a gabana, ya ɗago.

"Habboba, kina da simsim?"

"Babu, maigida. Ko ɗigo."

Ya faɗo jikina. Ashe ƙashi ne kawai yaron, ashe kansa ƙamshin rana yake, ashe yana da wani ɗan tabo a bayan kunne da ban taɓa gani ba. Na riƙe shi har direba ya gaji da oda. Da ya ɗago muka zuba wa fuskarsa ido ni da uwarsa, muna jira. Babu ja, babu kumburi. Babanku ya ɗora masa hannu a ka ya yi addu'a, karonsa na farko ke nan tun zuwansu. Sannan suka shiga mota.

Sauran kun sani. Babanku ya rayu shekara ɗaya da 'yan watanni yana zaman ƙofar gida, mutumin da bai taɓa sanin zaman banza ba. Kowace Alhamis sai in gan shi ya tashi da wuri ya zaga gida, ya tsaya a gindin randa, ya koma ya zauna. Kun roƙe shi ya sake sayen raƙumi, ya ce ku bari tukuna, yaƙi ai ba ya dawwama, yaro zai zo hutu. A kan wannan maganar ya rasu.

Yanzu kun zo mini da batun injin matsar mai na lantarki, wai a kafa a inda turmin yake. Ban hana ku neman abincinku ba, riɗi shi ya rene ku, kuma ban ce ku bar shi ba. Ku kafa a kasuwa, ku kafa a gidajenku, Allah ya sa albarka. Amma ban da gidan nan muddin ina numfashi. Matanku kuma su daina kawo mini mai a ɓoye a kwalbar magani suna cewa don ƙafata, ina gane shi tun daga zaure. Na san hannuwana sun tsage, na san dare ya yi ba na barci, ina kewar man nan kamar yadda nake kewar ƙarar turmi da tarin babanku. Mazin ya yi tsawo yanzu, Hausarsa ta ƙara gudu, a waya sai mu yi ta dariya babu mai gane wani sosai. Uwarsa ta ce in hanya ta yi kyau za su zo, ba ta ce yaushe ba, ni ma ban matsa ba. Abin da na sani shi ne duk ranar da ya zo, zai tsaya a bakin zaure ya yi mini tambayarsa, domin haka aka koya masa. Ina so in ce masa babu, kuma ya zama gaskiya na faɗa.